Juyen Baƙin Mai: Ka Ga Galan Ɗin da Idonka?

Duk wanda ya saba zama garejin makanikai a Gusau ya san yadda ake yin juye. Mai mota zai zo ya ajiye makulli, ya zaro kuɗi ya miƙa wa yaron gareji ya ce, "Je ka sayo mai kyau," sannan ya hau kabu-kabu ya tafi harkarsa. Bai faɗi sunan mai ba, bai faɗi lamba ba, ba zai ga galan ba. Da yamma a ce masa an zuba sintetik, ya yi godiya ya ja mota. Wannan mutumin ne kuma za ka ji a majalisa yana ɗaga murya cewa shi ba ya sa wa motarsa gaurayen mai. Alhaji, da me ka san abin da ke cikin injinka?

Bambancin man biyu ba shi da wuyar ganewa. Wanda aka rubuta wa Fully Synthetic mai ne da aka sarrafa sosai, yana jure zafi, ba ya saurin ƙonewa ya zama kauri kamar kwalta. Ba sabon abu ba ne, tun 1974 Mobil 1 ya shiga kasuwa. Wanda aka rubuta wa Semi Synthetic kuwa gauraye ne na man gargajiya da wani kaso na sintetik, kuma yawancin kamfanoni ba sa faɗin yawan kason. Tsohuwar Golf ko Sharon da ke jigila tsakanin Gusau da Bungudu, gauraye na gaskiya ya ishe ta. Motocin baya-bayan nan, musamman masu turbo da waɗanda aka rubuta wa 0W-20 ko 5W-30 a murfin zuba mai, su ne sintetik ya fi dacewa da su.

Lambar nan ita ce abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Makanikai da yawa, kowace mota ta zo sai su ce 20W-50, wai ƙasarmu akwai zafi. Gaskiya ne a watan Afrilu zafin Zamfara kan wuce digiri 40, amma injin da ke aiki yana kusa da digiri 100 ne, ko a Gusau ko a Landan. Injin Corolla da Camry masu VVT-i hanyoyin mansu sirara ne. In ka cusa musu mai kauri, da safe sai ya yi jinkirin isa sama, ƙarfe na cin ƙarfe kai kuwa kana sauraron rediyo. Wanda ya ƙera motar ya rubuta lambar a littafinta, ya fi ni da makanikinka saninta.

To amma mu koma ga galan, don nan ne ɓarnar take. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin baƙin mai ya tashi, masu jabu suka samu kasuwa. Suna sayen tsofaffin galan na sanannun kamfanoni, su ɗura ɗanyen mai marar sinadarai ko wanda aka juye daga wata mota aka tace, su liƙe murfi. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta sha kama irin wannan kaya a ƙasar nan. Su wa ke ba su galan ɗin? Mu ne. Ka gama juye ka bar galan lafiyayye a gareji, ɗan gwangwan ya saye shi, gobe ya dawo kanti cike da guba, wataƙila ƙaninka ne zai saya. Kuma mai tsada shi aka fi yi wa jabu, saboda nan ribar take. Ke nan mai tinƙaho da sintetik ya fi kowa shiga haɗari muddin aike yake yi.

Saboda haka ka je da ƙafarka gidan mai ko wurin dillalin kamfani, ko Total ne ko Ammasco na Kano. Duba hatimin murfi, duba lamba, duba alamar API, wadda mai na zamani ke ɗauke da SN ko SP. In an ce maka ga sintetik a rabin kuɗin da kowa ke sayarwa, araha ba ta ado. A buɗe galan a gabanka, a zuba a gabanka, a canja filta, domin zuba sabon mai a kan tsohuwar filta asarar kuɗi ce. In an gama, ka sa wuƙa ka huda galan ɗin ko ka tafi da shi gida. Man awo da ake sayarwa a robar ruwa a bakin titi kuwa, ko janareto ban yarda a zuba wa ba.

Akwai kuma masu zuba sintetik su ce sun huta sai baɗi. A ƙurar hunturu da hanyoyin ƙauyukanmu, gauraye kada ya wuce kilomita 5,000, sintetik ma kada a kai shi 10,000 ɗin da ake faɗi don titunan Turai. Direban da ke zuwa Sakkwato daga Gusau ya dawo kullum yana cin fiye da kilomita 400, cikin mako biyu ya cika 5,000. Shi kam gauraye na gaskiya da juye a kan lokaci ya fi masa alheri nesa ba kusa ba.

Shugabannin direbobi a tashoshin Gusau, Tsafe da Bungudu, don Allah ku riƙa yi wa yaranku wannan magana. Kowa ya san halin rashin tsaron da hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ke ciki, ba wurin da za a bari inji ya buga da fasinjoji cike da mota ba ne.