Shin Ko Kun San? Al'ajaban Masu Gida A Kan Teku

Shin ko kun san akwai mutanen da ba su da ɗaki ko ɗaya a doron ƙasa, kuma ba talauci ne ya jawo ba? Gidansu jirgin ruwa ne mai filafilai, wato manyan ƙyallayen nan da iska ke cikawa ta tura jirgi. Tsawonsa yawanci mita 10 zuwa 15. A ciki suke kwana, a ciki suke girki, wasu ma a ciki suke renon 'ya'ya. Yau suna wannan tsibiri, wata mai kamawa suna wancan. Inji yana nan, amma ɗan ƙarami ne. Babban man tafiyarsu iska ce, kyauta daga Allah! To, ku gyara zama.

Shin ko kun san gudun irin wannan jirgi bai cika wuce kilomita 10 a awa ba? Mai keke ma sai ya wuce shi yana ɗaga hannu! Sai dai shi ba ya yada zango. Dare da rana yana tafe. Kafin gobe war haka ya ci kilomita 200 da ɗoriya.

Kun san iskar da ke tura su 'yar gida ce? Ƙwarai kuwa! Iskar hunturu da ke fasa mana leɓe reshe ce ta babbar iskar da ke tasowa daga arewa maso gabas, ta bi Tekun Atlantika ta nufi yamma. Har ƙura take kwasa ta tafi da ita. Ƙurar Sahara, wadda mai yawanta ke tashi daga kwarin Bodele a Chadi, kan sauka jaja-jaja a kan igiyoyi da filafilan jiragen da ke ratsa tsibiran Kef Berde. Ƙura a tsakiyar teku, kun ji fa!

Shin ko kun san duk watan Nuwamba jirage wajen 200 kan taru a tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, su tsallaka Atlantika a ayari? Tun 1986 ake wannan gangami. Daga Las Palmas zuwa Sen Lusiya a yankin Karibiyan kilomita 5,000 ne, tafiyar kusan mako uku. Me ya sa sai Nuwamba? Lokacin mahaukaciyar guguwa a can daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Sai ta kusa kwantawa sannan a fito.

Ga wata kuma! A gaɓar Panama akwai tsibiran Guna Yala, wajen 365. Wato ko kullum ka kwana a sabo, sai ka shekara! Waɗanda ke da mazauna kuwa ba su wuce 50 ba. Amma kada baƙo ya ga tsibiri fayau ba kowa ya ce ya tsinci dami a kala. Kowace kwakwa da mai ita, har wadda ta faɗo ƙasa. Mutanen Guna sun daɗe suna cinikayya da kwakwa a madadin kuɗi.

Shin ko kun san jirgin ruwa na hawa tudu? A mashigin Panama yana yi! Tun 1914 aka buɗe shi, tsawonsa kusan kilomita 80. A rufe jirgi cikin wani ƙaton kwarmi, a tura ruwa, ya yi sama. A haka, hawa-hawa, har ya kai mita 26 a tafkin Gatun, sannan a sauke shi ta ɗaya ɓangaren. Ƙaramin jirgi dole ya tanadi mutum huɗu masu riƙe igiya, ban da direba da jagoran da hukumar mashigin ke turowa.

Ku tsaya ku ji gidan waya mafi arha a duniya. A tsibirin Floreana na Galapagos akwai wata ganga da ake jefa wasiƙa ba kan sarki. Duk matafiyin da ya zo sai ya bincika. In ya ga adireshin kusa da garinsu, ya ɗauka ya kai da hannunsa. Masuntan manyan dabbobin teku ne suka fara, sama da shekara 200 da suka wuce. Har yau ana yi!

Daga nan sai doguwar! Shin ko kun san daga Galapagos zuwa tsibiran Markesas kilomita 5,500 ne, ba tasha, ba kanti, ba asibiti? Mako uku zuwa huɗu sai sama sai ruwa. Tekun Fasifik ɗin nan shi kaɗai ya fi duk sandararriyar ƙasar duniya girma in an haɗa ta. Amma wanda ke tsaye a kan jirgi, idonsa bai hango fiye da kilomita biyar ko shida. Shi ya sa ake karɓa-karɓar gadi, awa uku ko huɗu kowa. Mai gadin dare kuwa a ɗaure yake da igiya a jikin jirgi, domin wanda ya sulluɓe cikin duhu, jirgi ba zai jira shi ba.

Kicin ɗin ma abin kallo ne. Murhun gas a rataye yake yana lilo: jirgi ya karkata, tukunya tana nan daram! Kwali kuwa ba ya shiga jirgi, a bakin tasha ake yar da shi, saboda kyankyaso na ɓoye ƙwai a cikinsa. Ƙwan kaza ana juya shi a kai a kai don ya daɗe ba firji. Ayaba fa? A rataye curi guda, ta yi kwanaki tsanwa shar, sai rana ɗaya ta nuna gaba ɗaya. Ayaba da safe, ayaba da rana, ayaba da dare!

Shin ko kun san karin kumallo kan faɗo musu daga sama? Kifi mai tashi ke nan. Yana baza fukafukai ya yi shawagin mita 50 a saman ruwa. An taɓa ɗaukar hoton wani a Japan da ya yi daƙiƙa 45 bai sauka ba! Da dare sukan faɗo cikin jirgi, da safe a tsince su a soya.

Ruwa ta ko'ina, amma na sha sai da lissafi! A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35. Masu hali suna da na'urar da ke matsa ruwan ta cikin matata mai ƙanƙanan ƙofofi, gishiri ya tsaya, ruwan daɗi ya wuce. Wutarta daga farantin sola. Marasa ita kuwa da ruwan teku suke wanke-wanke, su ɗauraye da kofi guda. Hadari na haɗowa, a baza tanti a tari ruwa, kowa ya fito da sabulunsa!

Shin ko kun san tsibiri na da ƙamshi? Bayan makonni a teku, hanci kan shaƙo ƙamshin ƙasa da ganyaye tun daga nesa. Amma ba a sauka gaba-gaɗi. Sai an ɗaga tuta rawaya, alamar baƙo ne yana neman izinin kwastan da jami'an shige da fice. Abin dariyar kuma, suna taka ƙasa sai su riƙa tangaɗi. Jiki ya saba da rawar jirgi, sai ƙasar ta zama ita ce mai rawa!

Yanzu ga inda gaba ke faɗuwa. Tsibiran Tuwamotu zobba ne na murjani, tudunsu bai wuce 'yan mitoci ba, sai an matso ake hango kan bishiyoyin kwakwa. Turawan zamanin da sun yi musu laƙabi da tsibirai masu haɗari. A tsakiyar kowane zobe akwai tafki. Na Rangirowa tsawonsa kusan kilomita 80! Ƙofar shiga ƙunci gare ta, ruwan da ke fita ta cikinta kan fi ƙarfin injin jirgi. Sai a jira lokacin da teku ta tsaya cik tsakanin cika da janyewa. Sannan mutum ɗaya ya tsaya a goshin jirgi, rana a bayansa, ido a ruwa. Shuɗi mai duhu, akwai zurfi. Tsanwa mai haske, yashi ne kusa. Ƙasa-ƙasa kuwa dutsen murjani ne, sai ya miƙa hannu, direba ya kauce nan take. Kuskuren mita biyu, gida ya huje!

Shin ko kun san akwai kifin da ke juya wa mutum zafi da sanyi? Wasu kifayen da ke kiwo a murjani na ɗauke da gubar sigwatera. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ma haka. Wanda ya ci, ya taɓa ruwan sanyi sai ya ji ƙuna! Shi ya sa baƙo mai wayo sai ya nuna wa masuntan wurin kifinsa kafin ya ɗora tukunya.

Ƙaguwa fa? Akwai ƙaguwar kwakwa mai nauyin kilo huɗu, in ta baza ƙafafu ta kai kusan mita ɗaya. Tana hawa bishiya, tana ɓare kwakwa. Amma jefa babbarta a ruwa, nutsewa za ta yi ta mutu. Ƙaguwar da ba ta iya iyo ba, ikon Allah!

Shin ko kun san akwai tsibirin da kusan kowa jikan mutum ɗaya ne? Palmerston ke nan, a tsibiran Kuk. Wani Bature ɗan Ingila, William Marsters, ya sauka can a 1863, ya zauna da mata uku. Zuriyar da ke can yau ba su kai mutum 100 ba. Jirgin kaya sai an yi watanni ba a gan shi ba, don haka duk jirgin baƙi da ya iso, gida guda ne ke ɗaukar nauyin saukarsa.

Tirƙashi! Kun san ana iya rasa kwana guda sukutum? Wanda ya taso daga Niyuwe ya nufi Tonga zai tsallake layin sauya kwanan wata: Litinin, sai Laraba. Ƙasar Samowa ma ɗungurungum ta yi haka a 2011. Aka kwanta Alhamis 29 ga Disamba, aka tashi Asabar 31. Juma'a ta ɓace!

A Tongan ne kuma, daga Yuli zuwa Oktoba, dabbobin wel masu tsawon mita 15 da nauyin tan 30 ke zuwa haihuwa tun daga Antatika. Mazansu na rera waƙa, mai kwance a cikin jirgi yana ji ta jikin bango! A Agustan 2019 kuwa wasu ma'aurata 'yan Ostareliya suka tsinci jirginsu cikin filin duwatsu masu yawo a kan ruwa. Aman wuta ne daga ƙarƙashin teku, faɗin filin murabba'in kilomita 150.

Shin ko kun san a ƙauyukan Fiji baƙo ba ya jefa anka ya shiga iyo sai ya yi gaisuwa? Ruwan da ke gaban ƙauye mallakar ƙauyen ne. Sai a sayi damin saiwar wani tsiro da ake kira kava, a naɗe da jarida. A cire hula da tabarau, a rufe kafaɗa da gwiwa, a tuɓe takalmi, a zauna a tabarma. A ajiye damin gaban mai gari. In ya karɓa, sai jawabi da tafi mai amo. Shi ke nan, baƙo ya zama ɗan gida.

Kafin a ce sai da na'ura, ku ji wannan. A 1976 Mau Piailug ya ja kwalekwalen Hokule'a daga Hawayi zuwa Tahiti, kilomita 4,000, ba taswira, ba kamfas. Taurari, tsuntsaye da kaɗawar igiyar ruwa kawai! Joshua Slocum kuwa, wanda ya fara zagaya duniya shi kaɗai daga 1895 zuwa 1898, bai iya iyo ba. Laura Dekker 'yar Holan ta kammala nata zagayen a 2012 tana da shekara 16.

To jama'a, wanne ya fi ɗaure muku kai: Juma'ar da ta ɓace, ko ƙaguwar da ruwa ke ci? Kada ku riƙe shi ku kaɗai. Ku ba yara, ku ba abokai a majalisa, domin ilimi sai an yaɗa yake albarka. Sai mun sake haɗuwa!