Wake da ganye: abincin dare ga mai hawan jini

Manomin Damargu, in likita ya auna ka a Tanut ko Belbeji ya ce kana da hawan jini, zai hana ka yawan gishiri da mai. Kada ka ce shi ke nan, sai kwana da yunwa. Waken da ka shuka tsakanin hatsi yana gina jiki kusan kamar nama, kuma yana daɗewa a ciki.

Ga yadda uwargida za ta yi. Ta jiƙa wake tun da safe. Da maraice ta zubar da ruwan, ta ɗora shi da sabon ruwa, ba kanwa. Jiƙaƙƙen wake yana saurin nuna, ka ga an rage cin itace. In ya yi laushi ta sa albasa, tumatir, kabewa da mai cokali ɗaya. Ganyen zogale ko yakuwa shi ne na ƙarshe, kada ya daɗe bisa wuta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya. Kanwa da Maggi suna ɗauke da abin nan na cikin gishiri mai tada jini. Tafarnuwa, citta da barkono sun isa su ba miya ɗanɗano.

Don haka in kaka ta yi, kada ka kai wakenka duka kasuwa. Ajiye na gida. Maganin likita kuma ci gaba da sha. Allah ya ba mu lafiya.