Gasar Ƙwallon Dawaki ta Katsina: Gadon Sarki Dikko

Jama'ar Yankwashi da Kazaure da Roni, kamar sauran mutanen ƙasar Hausa, sun san doki a wurin hawan Salla da sukuwa. Amma nan kusa da su, a birnin Katsina, akwai wani aiki da doki ya ke yi wanda bai cika yaɗuwa ba, watau ƙwallon dawaki, wanda Turawa ke kira folo. Kowace shekara a kan taru a yi gasarsa a Katsina, abin kuwa ya daɗe ƙwarai, shi ya sa muka ga ya kamata mu bi asalinsa.

Wasan ba na Turawa ba ne tun fil azal. Mutanen Farisa ne suka shahara da shi a zamanin da, sojan Ingila suka tarad da shi a Hindu, suka kai shi gida suka tsara masa dokoki. Su ne suka kawo shi Ikko wajen 1904, daga baya ya iso Kaduna, inda aka fara takarar kofin Georgian a 1919. A lokacin nan wasan hafsoshi ne da ma'aikatan Gwamnati, ɗan ƙasa sai dai ya riƙe linzami.

Wanda ya sāke wannan hali shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. A 1921 ya tafi aikin Hajji ta hanyar Ingila, har ya gana da Sarki Joji na Biyar. Cikin shekarun da suka biyo ya sa aka share fili a Katsina, ya ɗora 'ya'yansa da barorinsa bisa dawakin gida, ya ce su koya. Ba a daɗe ba suka fara cin Turawan da suka koya musu. A ganinmu a nan ne hikimarsa ta ke: bai bar wasan ya zauna abin kallo na baƙi ba, ya mai da shi aikin gidansa.

To, ga yadda a ke yinsa, don waɗanda ba su taɓa gani ba. Kowane gefe mahaya huɗu ne, filin kuwa tsawonsa yadi 300. A kan yi minti 7 ana gwabzawa, sa'an nan a dakata a sāke dawaki, gama babu dokin da zai jure wannan sukuwa da juyi tun daga fari har ƙarshe. Da hannun dama kaɗai a ke riƙon sandar, ko da mutum bahago ne. Kowane ɗan wasa kuma yana da lambar gwaninta, mafi girma ita ce 10, kaɗan ne a duniya suka taɓa kai ta.

Ɗansa Usman Nagogo, wanda ya gāje shi a 1944 ya zauna har 1981, ya kai lamba 7, abin da har yau a ke ambata in ana zancen mahayan Afirka. Daga shi sai 'ya'yansa, Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya yi Gwamnan Jihar Arewa a 1966, da Muhammadu Kabir Usman, wanda ya sarauci Katsina daga 1981 zuwa 2008. Duka biyu sun riƙe sandar nan. Saboda haka gasar ba ta rasa uba ba, in wani ya kau wani ya tsaya, ƙungiyoyin Kano da Zariya da Kaduna da Ikko kuwa suka saba da zuwa.

Amma fa akwai waɗanda ba a rubuta sunansu a jikin kofi, watau 'yan barga. Su ke tashi da asuba su ba da dawa da harawa, su yi wa doki horo har ya daina tsoron sanda, ya iya tsayawa cak yana cikin gudu. Da yawa daga cikin gwanayen Katsina a bakin turke suka fara, uba ya koya wa ɗa.

Abin da ke damunmu shi ne dokin kansa. A zamanin Dikko dawakin ƙasa a ke hawa, irin waɗanda hakimi ko attajiri zai iya kiwo a bayan gidansa. Yanzu manyan kofuna sun koma hannun masu dawakin Ajantina da na Sudan, waɗanda a ke saye da kuɗi masu yawa, har a kan ɗauko mahaya daga Ajantina a biya su. Wasa ya ƙara sauri da kyau, ba mu musa ba. Sai dai yaron da ya tashi a barga, kome gwanintarsa, dole ya jira mai kuɗin da zai ara masa dawaki huɗu ko fiye kafin ya shiga fili. Muna roƙon masu shirya gasar su riƙa keɓe kofi mai daraja domin dawakin gida kaɗai, su kuma buɗe shi ga ƙananan masarautu irin su Kazaure da Daura, inda har yanzu akwai barga da masu kula da ita.