Da Silva da Hausawi

Masu sauraron rediyo a Gedambaliya, kamar sauran jama'ar jihar Gadarif ta Sudan, sun saba jin sunan Da Silva, ko wajen 'yan ƙwallon Brazil ko wajen shugaban ƙasar, Lula da Silva, amma kaɗan ne suka san cewa an yi zamanin da Hausawa ma suka amsa irin wannan laƙabi.

Silva dai a harshen Latin daji ne, kuma "da" ɗin da ke gabansa, a lugar Fotugal, daidai yake da "na", wato Na-daji ke nan, kamar yadda muke cewa Na-Allah. Lafazinsa kuwa kowa da nasa: Bahaushe, da yake ba shi da harafin v, sai ya ce Silba, Balarabe ya rubuta shi da fa'un ya ce Silfa, mutumin Brazil kuma ya narkar da lam ɗin ta koma kamar wawun, ya ce Siwva.

To, ina ruwan Bahaushe? A farkon ƙarni na 19 an kai bayi Hausawa masu yawa Bahia ta Brazil, inda suka ƙulla tawaye a 1807, sa'an nan Musulmin birnin Salvador suka yi babban bore cikin Ramadan na 1835. Kuma bisa al'adar ƙasar, wanda aka 'yanta yakan ɗauki sunan ubangidansa, don haka waɗanda suka komo Ikko, da ake kira Aguda, suka sauka da Da Silva da Da Rocha, wanda ake faɗa Rosha, ma'anarsa dutse, alhali ba su da nasaba da dajin ko dutsen.

Na gabas kuwa, waɗanda suka nufi Makka da ƙafa, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka yada zango suna noman dawa da riɗi a ƙasar Gadarif, nisbar asalinsu ta bi su: Hausawi, Barnawi, Takruri. Ko Fallata, da Barebari ke kiran Fulani da shi, wanda Sudan ta shimfiɗa wa dukansu, ko da wasu kan faɗe shi da raini, yammacin da aka fito yake nunawa.

A ganina na gabas sun fi sa'a, gama jikan Hausawi yana iya bin sunansa har Kano ko Sakkwato, jikan Da Silva kuwa iyakarsa gidan wanda ya sayi kakansa.