Murfin kamarar kallon sama: kar ka kuskura ka goge shi a bushe

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Tun da na ɗora hoton daren nan da kamarata ta ɗauka daga saman rufin gidanmu, tambayoyi ke ta shigowa. Wace iri ce? Nawa ka saya? Amma ko mutum ɗaya bai tambaye ni batun murfin da ke kanta ba, alhali shi ya fi ba ni ciwon kai.

Ga wanda bai sani ba, kamara ce da ake kafawa a waje tana kallon sama, da ido mai faɗi da ke kwaso kusan digiri 180, wato sararin sama gaba ɗaya a hoto ɗaya. Tawa a haɗe take da 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, tana ta ɗaukar hoto tun magariba har asuba. Tunda a waje take kwana, rani da damina, dole a kife ta da murfi mai kama da ƙwarya wanda ake gani garau ta cikinsa. Duk hasken tauraron da zai shiga idon kamara sai ya ratsa wannan murfin. In ya lalace, ko kamarar miliyan ce a ciki, hoton banza za ka samu.

To wane iri za ka saya? Akwai na gilashi, ba ya saurin ƙarcewa, amma ga tsada ga nauyi, kuma dutse ɗaya daga yaran unguwa ya gama da shi. Akwai na robar folikabonet, irin wadda ake yin gilashin hular kwano da ita. Da wuya ya fashe, sai dai rana tana mai da shi ruwan ɗorawa in ba a yi masa rufin kariya ba, kuma kun san ranarmu. Ni dai na robar akrilik na zaɓa. Yana barin kusan kashi 92 cikin 100 na haske ya wuce, yana jure rana, ga araha. Kuma ku yi hattara da murfin kamarar tsaro da ake samu a kasuwa. Da yawansu an ɗan duhunta su da gangan don kar a gane inda kamarar ke kallo, mu kuwa ɗan hasken da ake ragewa ɗin shi muke nema. Ka ɗaga shi ka kalli fitila mai nisa ta cikinsa kana juyawa. In ka ga fitilar tana lanƙwashewa ko tana rawa, ajiye musu kayansu.

Yanzu ga inda na yi wauta. A tsakiyar Disamba, wajen 13 da 14 ga wata, ake ganin abin da muke cewa faɗuwar taurari da yawa, wanda masana ke kira Jeminid. Matsalar ita ce lokacin hunturu ne. Na hau rufi da yamma na tarar ƙura ta rufe murfin, sai kawai na sa bakin rigata na goge shi tas. Wallahi a ido ya yi kyau. Da safe na buɗe hotuna, sai na ga kowace fitilar unguwa ta yi wutsiya, wata kuma ya zama kamar an shafa masa man shanu.

Me ya faru? Ƙurar hunturu ba gari ba ce mai laushi kamar yadda hannu ke ji. Da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso ta, kuma akwai ɓurɓushin yashi a ciki wanda ya fi gilashi ma tauri, balle roba. Da ka danna tsumma a kai, ka zama kafinta mai goge katako. Ƙananan layukan da ka zana su ne ke watsa haske. Abin haushin ma, goge roba a bushe yana sa ta riƙa jawo ƙura, kamar yadda biro ke ɗaukar gutsuren takarda in ka goga shi a gashi. Ka ƙarce shi, kuma gobe ya fi jiya datti.

Abin da nake yi yanzu: in fara kwarara masa ruwa mai tsabta har ƙurar ta sauka da kanta, ban taɓa shi ba. Sannan ɗigon sabulun wanke-wanke a ruwa, da ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, a hankali, ba dannawa. In ɗauraye, in ɗan dangwale ruwan da ya rage don kar ya bar tabo. Kashin tsuntsu kuma jiƙa shi ake yi ya yi laushi, ba a kankarewa. Sifirit, sanitaiza, fetur, ruwan cire jan farce, duk a nisanta su. Suna sa akrilik ya yi ƙananan tsage-tsage ko ya dushe, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Da damina kuma raɓa ce abokiyar gaba. Murfin yana fuskantar sama, don haka yakan fi iskar da ke kewaye da shi yin sanyi da dare, sai danshi ya kwanta masa ciki da waje. Ana sa 'yar na'urar ɗumama mai cin wuta kaɗan a zagaye gindinsa. Don danshin ciki kuma, ƙunshin ƙwayoyin nan da ke zuwa a kwalin sabon takalmi yana taimakawa, in dai ana canzawa. Wajen ɗaure kusoshi ma kar ka nuna ƙarfi, daga ramin kusa akrilik ke fara tsagewa, daga nan ruwa ya samu hanya.

Ni yanzu biyu nake saya lokaci guda, ɗaya a sama ɗaya a ajiye cikin ledarsa, don na daina ɗaukar murfi a matsayin abin da zai dawwama. Wancan da na ƙarce yana nan, ƙanwata ta mai da shi murfin tukunyar fulawarta.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allahu.