Hoton da Ya Ƙi Buɗuwa

A ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun akwai manoman rani masu yawa, waɗanda suke shayar da gonakinsu da ruwan madatsar Bakolori. An gama gina wannan madatsa a kan Gulbin Sakkwato a shekarar 1978. A da, idan cuta ta kama shinkafar manomi, sai ya tsinki ganyen ya tafi da shi wurin malamin gona. Yanzu kuwa sai ya ɗauki hoton ganyen da wayarsa, ya maƙala shi a jikin wasiƙar intanet, watau imel, ya aika. Kafin ya rataya fartanyarsa wasiƙar ta isa.

Amma wani lokaci malamin gona yakan ga wasiƙa ta zo, ya taɓa hoton, hoto ya ƙi buɗuwa. Shi manomi yana can yana jiran amsa, yana tsammanin an yi banza da shi ne, cuta kuwa tana ta cin gona. Haka kuma yakan faru ga ɗan aji shida wanda aka aika da hotonsa domin rajistar jarrabawa. Idan hoton bai buɗe ba har ranar rufe rajista ta wuce, yaro ya yi hasarar shekara guda. Saboda haka ya kamata kowa ya san dalilan da ke hana hoto buɗuwa, da maganin kowanne.

Yadda hoto yake tafiya

Hoton waya ba takarda ba ne. Ɗigo-ɗigo ne ƙanana ƙwarai, kowanne da launinsa, an jera su layi-layi kamar zaren saƙa. Hoton da ke da ɗigo 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye yana da ɗigo miliyan 12 ke nan. Waya takan mai da launin kowane ɗigo ya zama lamba, sa'an nan ta ɗaure lambobin duka a ƙulli guda. Wannan ƙullin shi ne yake tafiya. Idan ya isa, sai wayar mai karɓa ta kwance shi, ta mai da lambobin su koma launi, sa'an nan hoto ya bayyana.

To, ashe abu uku ne wajibi. Ƙullin ya tashi, ya isa dukansa, kuma wayar da ta karɓa ta iya kwance shi. In ɗaya ya ɓaci, babu hoto.

Dalili na fari: hoton bai tashi ba

Sau da yawa mai aikawa yakan yi gaggawa. Ya zaɓi hoto, bai jira ya gama hawa ba, sai ya tura wasiƙar, ko kuwa sabis ya yanke a tsakiyar aiki. Wannan daidai yake da mutumin da ya liƙe ambulan ya kai gidan waya, alhali takardar tana kan tabarmarsa. Maganinsa shi ne mai aikawa ya duba cikin wasiƙun da ya aika. In bai ga sunan hoton a ƙarƙashin wasiƙar ba, sai ya nemi wurin da sabis yake da ƙarfi ya sāke aikawa.

Dalili na biyu: kaya sun yi nauyi

Ana auna nauyin hoto da kilobait da megabait, kamar yadda ake auna hatsi da mudu da buhu. Kilobait wajen 1,000 su ne megabait ɗaya. Kowane kamfanin imel yana da iyakar nauyin da yake ɗauka. Alal misali, Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a wasiƙa ɗaya. Idan kowane hoto megabait 3 ne, mutum ya haɗa guda goma, sun zama 30, sun wuce iyaka.

Idan haka ta faru, Gmail yakan ajiye kayan a rumbunsa da ake kira Google Drive, ya aika da hanyar zuwa wurin kaɗai. Mai karɓa ya bi hanyar, amma in ba a ba shi izini ba, sai ya tarar da ƙofa a kulle. Maganin wannan shi ne a raba hotunan, a aika da biyu ko uku a kowace wasiƙa, ko a rage girmansu tukuna. Mai jaki ma in kaya sun fi ƙarfin dabbarsa, sawu biyu yake yi.

Dalili na uku: wayoyin ba su jin harshen juna

A ce wani dattijo ya rubuta wa jikansa takarda da ajami, jikan kuwa boko kaɗai ya iya. Takarda ta isa lafiya, ba ta jiƙe ba, ba ta yage ba, amma ba ta karantu ba. Haka yake ga hotuna, domin ba hanya ɗaya ake bi wajen ɗaure ƙullinsu ba.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce wadda ake kira JPEG, wadda masana suka amince da ita a shekarar 1992. Kusan kowace waya da kowace kwamfuta ta san ta. Amma tun daga shekarar 2017 wayoyin iPhone suka fara ajiye hotuna da wata sabuwar hanya mai suna HEIC, wadda ba ta cin wuri da yawa. Tsofaffin wayoyi da kwamfutoci da dama ba su san ta ba.

Ana gane irin hoto daga wutsiyar sunansa, watau haruffan da ke bayan ɗigo. In an ga jpg ko png, yawanci babu wahala. In an ga heic, sai mai karɓa ya roƙi mai aikawa ya juya hoton zuwa JPEG. Mai iPhone yana iya shiga wurin saitin kyamara ya zaɓi tsarin da ya dace da sauran na'urori. Amma a lura, goge wutsiyar suna a rubuta wata ba ya juya hoto. Ko an rubuta "shinkafa" a jikin buhun gero, abin da ke ciki gero ne.

Dalili na huɗu: matsalar tana wurin mai karɓa

Wani lokaci mai aikawa ba shi da laifin kome. Ko datar mai karɓa ce ta ƙare hoto bai gama sauka ba, sai a ga rabinsa, sauran ya yi toka-toka. Ko kuwa wayarsa ce ta cika da hotuna da waƙoƙi, kamar rumbun da ba shi da wurin ƙarin dami. Sai ya share abin da ba ya bukata, ya sāke saukewa.

Yadda ake gano inda cutar take

Mai hankali ba ya ɗora wa kowa laifi sai ya bincika. Da fari, mai karɓa ya faɗi ainihin abin da ya gani. "Ya ƙi" ba bayani ba ne. Ya ce ko babu hoton sam, ko ya ga rabinsa, ko wayar ta ce ba ta san irinsa ba, ko an nemi izini. Kowace amsa tana nuna dalili dabam.

Na biyu, mai aikawa ya tura hoton ga wani mutum na dabam. In ya buɗe a can, to matsalar tana wayar mai karɓa na fari. In nan ma ya ƙi, to daga wurin mai aikawa take. Na uku, a riƙa gyara abu ɗaya ɗaya, ana gwadawa. Wanda ya canja abu uku a lokaci guda ba zai san wanne ne ya yi magani ba.

Gargaɗi

Ba kowane abin da ya ƙi buɗuwa ake matsa masa ba. Akwai miyagun mutane da suke aiko da cutar kwamfuta su ce hoto ne, domin su saci asirin mutane ko kuɗinsu. Idan wasiƙa ta zo daga wanda ba a sani ba, ko wutsiyar sunan ta zama exe ko apk, wannan ba hoto ba ne. Kada yaro ya taɓa shi. Ya nuna wa malaminsa ko wani babba a gida.

Daga ƙarshe, wanda ya aika da hoto mai muhimmanci kada ya ce aikinsa ya ƙare. Ya buga waya ya tambaya, "An gani? Ya buɗe?" Wanda ya karɓa kuma ya ba da amsa da wuri. Kuma kada a bar aikawa sai ranar ƙarshe, domin a sami lokacin gyara in an sami tangarɗa.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne wajibi kafin hoto ya bayyana a wayar mai karɓa?
2. Idan kowane hoto megabait 4 ne, guda nawa za su shiga wasiƙa ɗaya ba tare da sun wuce megabait 25 ba?
3. Don me aka kwatanta hoton HEIC da takardar ajami?
4. Mene ne amfanin tura hoton ga mutum na biyu?
5. Me ya kamata yaro ya yi idan wanda bai sani ba ya aiko masa da abin da ya ce hoto ne?