Jadawalin Intanet: Taimakon Yana Cikin Gida

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Wanda aka miƙa wa jerinsu a takarda, kowace da jiharta da yawan jama'arta, sai ya bi layi-layi da ɗan yatsa kafin ya kai ga wadda yake nema. Idan kuwa aka zuba jerin a jadawalin intanet mai amsa umarni, rubuta "Bichi" kawai zai yi a akwatin nema, sauran layukan su kau. Ya danna kan ginshiƙin yawan jama'a, jerin ya shiryu daga ƙarami zuwa babba. Irin wannan jadawali ya zama kayan aikin 'yan jarida da ɗalibai da ma'aikatan lafiya. Abin da ke damuna shi ne yadda masu gina shi suke wahalar neman bayani a waje, alhali bayanin yana cikin kwamfutarsu.

Ɗaya daga cikin manhajojin da suka fi shahara a wannan aiki ita ce DataTables, wadda Allan Jardine ya rubuta a Birtaniya da harshen JavaScript. A shekarar 2015 Yihui Xie na kamfanin RStudio, wanda ya koma Posit a 2022, ya fitar da ƙunshin DT domin masu aiki da harshen R su ci moriyarta ba sai sun koyi JavaScript ba. Shi kuwa R, malamai biyu ne na Jami'ar Auckland, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka ƙirƙiro shi, kuma ya gaji wata kyakkyawar al'ada da ta faro tun littafin jagorar Unix na 1971: kowane umarni ya zo da takardar bayaninsa. Duk wanda ya sauke ƙunshi daga rumbun CRAN, ya sauke shi ne tare da shafukan taimakonsa. Ga mai aiki a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kuɗin data kuma na cin aljihu, wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce, domin shafukan suna buɗuwa ko babu intanet.

Na taɓa zama da wata ɗaliba da ta shafe yini tana kallon bidiyo, tana son jadawalinta ya nuna layi 25 maimakon 10 da yake nunawa tun asali. Na ce ta rubuta alamar tambaya, ta bi ta da sunan umarnin: ?datatable. Sai R ya ce bai san wannan ba, domin ba ta riga ta kira ƙunshin ba. Muka gyara zuwa ?DT::datatable, shafin ya buɗe. Daga sama akwai taƙaitaccen bayani, sai yadda ake rubuta umarnin, sai sharhin kowane zaɓi, a ƙasa kuma misalai da za a kwafa a gwada. A nan ta ga cewa filter = "top" zai sa wa kowane ginshiƙi akwatin tacewa nasa, rownames = FALSE kuma zai cire lambobin gefe da ba ta so. Ta yi shiru, can ta ce, "Ashe duk yana nan, Malam." Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Akwai wasu ƙofofin. Wanda ya manta sunan umarni sai ya ninka alamar tambayar, ??datatable, R ya lalubo masa duk shafin da ya yi kama da haka. Umarnin help(package = "DT") yana jero duk abin da ke cikin ƙunshin. Sai dai a kula da ɗigo ɗaya: data.table wani ƙunshi ne daban na sarrafa manyan bayanai, ba ruwansa da shafin intanet, kuma ya sha ɓatar da sababbin shiga.

Darasi mafi girma yana wajen zaɓin options. Shafin taimakon bai jero abin da ake zubawa a cikinsa ba, sai ya tura mai karatu ga kundin DataTables. Dalili kuwa DT riga ce aka ɗora wa DataTables, saboda haka taimakon hawa biyu ne: abin da ya shafi R yana cikin kwamfuta, abin da ya shafi halayen jadawalin yana kundin asali. Can ɗalibar ta samo pageLength, ta rubuta options = list(pageLength = 25). Wanda ya gane wannan rabo ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma ko da zai tambayi wani, tambayarsa za ta fito da ma'ana.

Amma mai amfani da jadawalin, ina nasa taimakon? Ba shi da alamar tambaya. Bai san cewa idan ya riƙe maɓallin Shift ya danna ginshiƙi na biyu, zai jera bayanai bisa jiha sannan bisa yawan jama'a ba. Bai san akwatin nema yana karɓar kalmomi biyu ko da an juya su ba. Ga kuma matsala tamu ta masu haruffa masu lanƙwasa: a wurin kwamfuta ƙ da k haruffa ne mabambanta, don haka wanda ya rubuta "Kankara" ba zai ga Ƙanƙara ba, sai ya ɗauka ba a sa garinsa ba.

Magance waɗannan nauyi ne a wuyan magini, kuma kayan gyaran suna cikin shafukan da ya karanta. Zaɓin caption yana ba shi damar rubuta jimla biyu a kan jadawalin, ya faɗi inda alƙaluman suka fito da yadda ake nema. Zaɓin language yana ba shi damar mayar da rubutun Hausa, akwatin ya ce "Nema", maɓallan ƙasa su ce "Gaba" da "Baya". Ana kuma iya ƙara ɓoyayyen ginshiƙi mai sunaye ba lanƙwasa, domin DataTables tana bincika ginshiƙi ko da ba a nuna shi ba.

Waɗanda suka rubuta R da DT sun ɗauki lokaci sun bar mana bayani a gefen kowane umarni. Malamin asibiti da zai buɗe jadawalinmu a wayarsa, yana neman alƙaluman rigakafin ƙaramar hukumarsa, shi ma ya cancanci mu bar masa irinsa, cikin harshen da yake ji.